Ga-Hadari

Bana damina ta sauka da wuri a ƙasar Tudun Wada. Tun ba a gama kai taki gona ba, hadari ya fara haɗowa daga gabas kowace la'asar, baƙi ƙirin, yana cida a hankali. Ina zaune a ƙofar gida ina kallonsa, domin wata uku ke nan, in ban da zuwa wurin likita sau ɗaya, ba na zuwa ko'ina sai inda ƙafata za ta kai ni. Shekarata hamsin, na yi karatu har jami'a, kimiyya nake koyarwa a makarantar sakandare, amma idan aka bugo ƙyaure da ƙarfi sai in tsinci kaina a tsaye, gumi yana karyo mini. Dalili kuwa motar haya ce da ta kife da mu a hanyar Kano, gab da Bebeji. Ni ko karaya ban samu ba. Mutumin da ke zaune kusa da ni, wanda muka raba goro da shi a tasha, bai fita da rai ba.

Na zauna in rubuta wannan ne saboda wata daminar, ta shekara talatin da biyu da suka wuce, da kuma yayana Salihu, wanda yau a ƙauyenmu da ke kusa da Burumburum ba kowa ya san sunansa na yanka ba. Ga-Hadari ake kiransa. Ni na raɗa masa sunan.

A waccan shekarar ina da sha takwas, na gama sakandare ina jiran sakamako. Kakar da ta gabata ba ta yi albarka ba, don haka tun bazara Inna ta fara awo da ƙaramin ƙoƙo. Zafi ya yi tsanani har ƙasa tana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Mun yi sassabe, mun kwashe takin gida a mangala mun kai gona a kan jaki, muka zauna jiran sama. Ranar da ruwan shuka ya sauka, ƙamshin ƙasa ya shiga har cikin ɗakuna, Baba ya fito tsakar gida ya tara hannu yana hamdala. Washegari Yaya Sale yana gaba da sungumi yana sara, ni da matarsa da Inna muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige.

Gidanmu maza uku ne kawai, Baba kuwa ƙarfinsa ya fara ja baya. Abin da ya riƙe gonarmu shi ne gayya. Ƙa'idarta sananniya ce: ka je gonar mutane, su zo taka. Sarkin Noma ne yake tsara ranaku, kuma ba a rubuta komai, amma babu wanda yake manta wanda ya zo da wanda ya noƙe. Yaya Sale shi ne jarin gidanmu a wannan tsari. In aka jera a bakin gona, makaɗi ya saki ganga, shi yake fara kai ƙarshen kunya, sannan ya juyo ya tari wanda aka bari a baya. Saboda shi ake rububin zuwa gayyarmu.

Ranar wata Talata muna noman firi, wato noman farko bayan shuka, a gonar Malam Idi. Da azahar iska ta tsaya cik, gumi ya ƙi bushewa a jiki. Mata suka kawo ɗanwake, ba mu gama ci ba gabas ta rufe. Da ruwa ya goce, yawancinmu muka cusa cikin bukkar da ke gefen gona, Yaya da amininsa Ɗanlami suka ruga gindin wata ɗorawa, suna dariya, akushin ɗanwaken yana hannun Ɗanlami.

Haske na fara gani, fari fat, wanda ya shafe gonar gaba ɗaya. Ƙarar kuwa a haƙorana na ji ta. Da muka fito, ɗorawar ta tsage biyu tana hayaƙi cikin ruwa, ga wani ƙauri da har yau ban sami abin da zan kwatanta shi da shi ba. Su biyun suna kwance, hannun Ɗanlami a kan wuyan Yaya.

Sarkin Noma ya ware hannuwa ya tare mu. Ya ce, "Kada wanda ya taɓa su. Tsawar tana jikinsu. Sai an zuba musu madara."

Haka aka gada a wurinmu. Aka tashi mutum ya ruga rugar Jauro, wani dattijon Bafulatani da ke zaune a ƙetaren rafi. Rafin kuwa ya kawo. Sai da ɗan aiken ya jira ruwa ya ɗan janye, ya ƙetare, aka kamo saniya aka tatsa. Duk tsawon wannan lokaci muna tsaye, mun yi musu zobe, tsakaninmu da su kamar taku biyar. Ɗanlami ya riga ya cika. Idon Yaya a buɗe yake, ruwa yana zuba a cikinsa, leɓensa yana motsi.

A nan ne fushina yake farawa, kuma da kaina yake farawa. A aji huɗu malaminmu ya koya mana cewa jikin wanda tsawa ta faɗa wa ba ya riƙe komai, taɓa shi ba ya cutarwa, jinkiri ne yake kisa. Na rubuta wannan a jarrabawa, na ci. Duk cikin mutanen da ke tsaye a gonar nan ni kaɗai na sani. Na tsaya tare da su. Na sha gaya wa kaina cewa yarinta ce, ko kunyar manya. Ba haka ba ne. Tsoro nake ji ko su ne da gaskiya.

Jauro da kansa ya biyo ɗan aiken, wandonsa a naɗe, ƙwarya a hannu. Bai zuba madarar ba. Ya ajiye ta a ƙasa, ya ratsa mu, ya ɗauke hannun Ɗanlami, ya tallabo kan Yaya ya ɗora a cinyarsa. Sannan ya ɗago ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Duk yawan nan naku, babu mai hannu?"

Aka yi jana'izar Ɗanlami da la'asar. Yaya ya kwana uku a kwance ya tashi, babu abin da ya same shi sai ɗan tabo a kafaɗa. Mutane suka yi ta zuwa barka. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare.

Abubuwan da suka biyo baya zan jera su yadda na gan su, domin watan jiya wani likita a Kano ya jera mini irinsu ɗaya bayan ɗaya, yana tambaya ko ina fama da su, ni kuwa fuskar yayana nake gani. Ya daina cin ɗanwake, ko ganinsa ba ya so. In Inna tana babbake kaza ko wani abu ya kama a tukunya, sai ya fice daga gidan. Barci ya ƙaurace masa, idanunsa suka faɗa. Mutumin da ba a taɓa jin muryarsa a sama ba ya fara yi wa matarsa tsawa a kan ruwan alwala. Yana magana da kai, idonsa yana gabas. Da zarar gajimare ya fara duhu, sai ya yar da fartanya, ya nufi gida, ya shige ƙuryar ɗaki ya toshe kunnuwa.

Baba ya karɓo rubutu, aka yi hayaƙi, aka yi sadaka. Da mako uku ya wuce, haƙurinsa ya ƙare. Ya kira shi zaure ya ce, "Salihu, jikinka lafiya lau. Wanda Allah Ya tsirar, godiya ce aikinsa, ba lalaci ba. Iyayen Ɗanlami su ne da kuka, kai mene ne naka?"

Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ni ma ban sani ba."

"To in ba ka sani ba, ɗauki fartanyarka."

Ya ɗauka. Sau uku yana zuwa gayya, sau uku yana barin kunya a rabi ya gudu, domin lokacin kusan kullum sai an yi hadari. Aka fara ƙananan maganganu. Wasu suka ce ya sami hanyar hutu. Aikin gidanmu ya dawo kaina, ni da hannuna ya saba da biro. Tafina ya yi kanta ya fashe, bayana ya riƙe, kuma kowace safiya ina ganin ƙato lafiyayye zaune a inuwa yana kallon sama. Na tsane shi a lokacin. Ba zan sassauta kalmar ba.

Sai na yi tunani irin na ɗan makaranta. Na ce bari in gwada shi. In da gaske hadari yake tsoro, to ranar da sama take tas babu abin da zai motsa shi. In kuwa kalma kaɗai ta sa shi gudu, ya tabbata uzuri yake nema. Na ga wannan hujja ce da ba ta da ɓaraka, har ina jin daɗin kaifin basirata.

Ranar gayyar Sarkin Noma gari ya waye garau, babu ko ɗigon gajimare. Yaya ya shiga kunya, kuma a karon farko tun bayan abin, na ga kafaɗunsa sun saki. Makaɗi ya lura, ya fara kiran sunansa a ganga. Ya wuce na kusa da shi, ya wuce na gaba. Yana gab da kai ƙarshen kunya na miƙe tsaye, na nuna gabas, na ɗaga murya na ce, "Ga hadari!"

Bai ko ɗaga kai ya duba ba. Ya saki fartanya, ya zabura, ya yi tuntuɓe da kunya ya faɗi, ya tashi da rarrafe, yana tattake dawar mutane. Gona ta kwashe da dariya. Makaɗi ya juya kiɗan ya bi shi da shi. Wani ya ce, "A'a, Ga-Hadari, dawo ka ɗauki hularka mana." Ni kuwa na tsaya ina haki, ina ganin gwajina ya yi nasara. Sai bayan shekaru na gane cewa abin da na tabbatar kishiyar abin da na nema ne. Mai ƙarya zai fara duban sama tukuna. Wanda bai duba ba, jikinsa ne ya riga shi.

Da ranar gayyarmu ta zo, Inna ta kwashe ragowar dawar da ke rumbu ta yi tuwo da kunu na mutum ashirin. Mutum huɗu suka zo. Sarkin Noma ya aiko a gaya wa Baba cewa jama'a sun ce gidan da ba ya gama kunyar wani, ba a gama tasa. Tuwon ya kwana ya yi tsami, muka yi kwana uku muna ɗumama shi. Waɗannan su ne mutanen da Yaya ya shekara goma yana tarar kunyarsu. Su ne kuma suka tsaya taku biyar daga gare shi suna jiran saniya.

Ciyawa ta ci gonarmu. Ni da Baba muka noma abin da muka iya, sauran muka bar wa tofa da ƙuduji. Sai marka ta kama. Kwana da kwanaki ruwa yana zuba siriri, bango yana jiƙewa yana zubowa, itace ya ƙi kamawa, hayaƙi ya cika madafa, Inna tana hura wuta tana hawaye. Da safe ruwan kunu ne wanda kake iya ganin gindin ƙoƙo ta cikinsa. Da rana kwaɗon tafasa ko rama, babu ƙuli, sai gishiri da barkono. Tuwo sau ɗaya, da magariba, shi ma an haɗa da dusa. Masara tana ruwa-ruwa muka fara karya ta muna gasawa, muna sane da cewa abincin kaka muke ci. Yunwar damina tana da nata ciwo: ko'ina kore shar, ko'ina abinci yana girma, cikinka yana kuka.

A gidanmu maza akushi ɗaya suke ci. Wata magariba Baba ya ce wa Inna ta riƙa zuba wa Salihu nasa daban. Yaya ya ɗauki ɗan kwanonsa ya koma bakin rumbu ya ba mu baya. Ni na ci gaba da cin tuwona, har na ji daɗin yalwar da aka samu a akushin. Bayan kwana biyu Jauro ya zo ya yi sallama da Baba, ya ce yana neman wanda zai taya shi kula da maruƙa. Yaya ya bi shi. Aka ce ƙato ya koma aikin yara.

Da kaka muka sami abin da bai kai rabin na kullum ba. Sakamakona ya fito, na tafi jami'a. Yaya ya dawo gida da rani, kuma da damina ta zagayo ya koma gona, a hankali, shi kaɗai. Bai sake shiga gayya ba har aka daina yinta. Sunan kuwa ya zauna. Yaran da aka haifa daga baya sun ɗauka kirari ne na manomin da ruwa yake bi. Ni da shi muka ci gaba da gaisawa, da zumunci, da zuwa suna da jana'iza, ba mu taɓa tayar da maganar ba, har Baba da Inna suka rasu.

A rubuce, 'yar lanƙwasa ɗaya ce ta raba hadari da haɗari. Ranar da motarmu ta kife, na kwanta a cikinta ƙafata a maƙale, kan mutumin nan a kafaɗata. Ta tagar da ta fashe ina ganin ƙafafun mutane sun kewaye mu. Wasu suna cewa kada a taɓa sai hukuma ta zo. Wasu sun ɗaga waya suna ɗauka. Ina kiransu, murya ba ta fita. Da na koma makaranta na kasa tsayawa a aji, wani abokin aikina ya dafa ni ya ce, "Malam Habu, kai da ko ƙwarzane ba ka yi ba? Ka gode wa Allah mana." Na rasa abin da ya hana ni marinsa. Maganar Baba ce ta dawo a bakin wani.

Likitan ya ce abin da ke damuna sananne ne, ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne. Jiki ne ya ga mutuwa, ya ƙi yarda cewa ta wuce. Ya ce in riƙa faɗin abin ga wanda na amince da shi, in kiyaye lokacin barci da abinci, kada in ƙaurace wa mota gaba ɗaya, in koma mata kaɗan-kaɗan, in kuma dawo wurinsa in abin ya ƙi sauƙi. Ƙanin maiɗakina ne ya kai ni, na tafi ido a rufe, na dawo ina amai. Tun ranar ban sake shiga mota ba. Tsohuwar motata tana ƙofar gida, ciyawa ta fito a ƙarƙashinta.

Ranar Asabar da ta wuce, bayan azahar, maiɗakina Rabi ta leƙo ta ce, "Malam, ga Yaya Ga-Hadari nan ya iso." Ita ma kirari ta ɗauke shi. Ya sauka daga babur ɗin haya, gemunsa fari, da ɗan buhun gyaɗa. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi gona. Ya sha ruwa. Ya daɗe yana kallona.

Ya ce, "Habu, goro fa? Na ga ba ka taɓa wanda na kawo ba."

Na ce, "Na daina ci, Yaya."

"Tun ranar?"

"Tun ranar."

Ya gyaɗa kai. "Ni har yau ban ci ɗanwake ba."

Na buɗe baki in faɗi abin da na shekara talatin da biyu ina shiryawa, sai ya ɗaga hannu. Ya ce, "Sunan ba shi ya fi ciwo ba. Tsawar ma ba ita ba ce, ita ban ko ji ta ba. Ƙafafunku ne. Ina kwance ina ƙirga su. Naka takalmin roba ne shuɗi, wanda na sayo maka a kasuwar Tudun Wada. Na ce wannan ya yi boko, shi zai zo."

Na ce, "Na san babu abin da zai same ni in na taɓa ka. An koya mana."

"Na san ka sani."

"Ka yafe mini, Yaya."

"Na yafe tun Inna tana da rai. Mantawa ce ban iya ba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba." Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. "Tashi. Ina makullin wannan akwalar taka?"

Na ce ba zan iya ba. Ya ce ai ba tuƙi za mu yi ba. Muna tafiya yana ba ni labarin abin da ban taɓa tambaya ba. Ya ce Baffa Jauro bai taɓa ce masa ya yi haƙuri ko ya yi jarumta ba. Ce masa ya yi, saniyar da tsawa ta faɗi kusa da ita takan yi wata biyu ba ta shiga wannan fadama, in ka doke ta sai ta ƙara firgita. Sai dai ka tsaya a gefenta, ka dafa wuyanta, yau taku ɗaya, gobe biyu. In hadari ya taso, Jauro yakan zaunar da shi a bakin bukka, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, ya riƙe masa hannu, ya sa shi ya faɗi sunayen maruƙan da yake gani har numfashinsa ya daidaita. In ya so yin maganar Ɗanlami, ya saurara. In bai so ba, su yi shiru.

Ya buɗe ƙofar motar. "Zauna. Bar ƙafa ɗaya a ƙasa. Kada ka rufe."

Na zauna. Warin kujera ya bugi hancina, na fara jin ƙarar ƙarfe a kunnena. Ya kama wuyan hannuna da tafinsa mai kaushi. Ya ce, "Faɗa mini abin da kake gani." Na ce katanga. Na ce akuyar maƙwabci. Na ce bishiyar darbejiya. A lokacin ne gabas ta yi cida, doguwa, mai nauyi. Na ji yatsunsa sun ƙara matsewa a kan fatata. Bai duba sama ba, kuma bai sake ni ba.

Rabi ta ɗaga murya daga zaure. "Malam, ku shigo da Yaya Ga-Hadari, ruwa zai sauko."

Na ce, "Sunansa Salihu."

Ta ce, "Na'am?"

"Salihu ne sunansa. Yaya Salihu. Ki gaya wa yara."

Ya yi 'yar dariya, ɗigon farko yana sauka a kan hularsa. Ya ce, "To, mutum ɗaya ke nan ka gaya wa. Sauran suna ƙauye, kuma da ƙafa ba za ka kai ba. Fito haka, ya isa na yau. Gobe mu rufe ƙofar."